Usur Ɗin Ustaz Dauda

A unguwar Mayo, can kudancin Khartum, in ka ce Dauda tela sai a tambaye ka wanne, don teloli masu wannan suna sun kai uku. In ka ce Dauda mai usur kuwa, ko ɗan yaye zai nuna maka shagon. Kakansa ya baro ƙasar Katsina a ƙafa, ya sauke faralinsa a Makka, a hanyar komawa ya tsaya hutawa a bakin Nilu, hutun da har yau zuriyarsa ba ta gama ba. Dauda ya gaji keken ɗinki daga ubansa, ya gaji taurin kai daga uwarsa. Usur ɗin ne kawai ya nemo da kansa.

Yana ɗan shekara goma sha biyu ya shiga kashafa, wato sikawut ɗin makarantarsu. Sau ɗaya aka kai su zango na kwana uku a bayan Umdurman, amma wannan kwana ukun ya ishe shi labari har ya yi furfura. Karatu bai yi nisa ba, kashafa kuwa ta bi jininsa. Da ya kai shekara arba'in sai ya kafa tasa ƙungiyar a unguwa, ba mai biyansa, ba wanda ya sa shi. Gida-gida ya bi yana roƙon iyaye su ba shi yaransu, kuma alkawari ɗaya ya yi wa kowa: zai karɓi yaro bayan la'asar, ya dawo da shi kafin magariba. Kakin da suke sawa shi ya ɗinka, da ƙyallen wuya koraye.

Doka ɗaya ce ba ya wasa da ita. In ya busa usur, dogo ɗaya gajeru biyu, duk ɗan kashafa ya ajiye abin da ke hannunsa ya sheƙo filin da ke gaban shagon kafin a ƙirga ɗari. Ba tambaya, ba waiwaye. Yara sun sha barin kwanon ful, dafaffen waken nan nasu, a buɗe, an ga wanda ya iso da kumfar sabulu a ka. Dauda kan tsaya da agogo a hannu yana hura hanci, sai ka rantse wani gari ya ci da yaƙi.

Wadda ba ta taɓa yarda da wannan doka ba ita ce Asma'u, unguwarzomar da ke koya wa yaran ɗaurin rauni da tsayar da jini. Su biyu ne manyan ƙungiyar, kuma duk farkon shekara in sun zauna tsara ayyuka sai sun yi wannan faɗan. Ita tana so a rage fareti, a koya wa yaro ya leƙa ya ga wa ke kira da abin da ya sa, kafin ya zuba a guje. Shi kuma ya ce ranar gobara ba a tsayawa leƙe. Shekara goma sha ɗaya suna wannan ja-in-ja, kuma kullum shi ke yin nasara, ba don ya fi ta hujja ba, don dai ya fi ta iya maimaita magana ɗaya har mutum ya gaji.

Yaƙi ya ɓarke cikin azumin 2023. Waɗanda ke da inda za su suka tafi. Mutanen Mayo yawancinsu ba su da ko'ina, suka zauna. Wata safiya bom ya faɗo a gefen kasuwa, inda mata ke sayar da shayi. Hayaƙi bai gama tashi ba Dauda ya busa usur, kuma kafin ya kai saba'in yara ashirin da shida sun jeru. Suka ɗauko angarib, gadajen igiya, daga gidaje, suka yi ta kwasar mutane. Salih, shugaban yaran, ɗan shekara goma sha biyar, ya ɗaure cinyar wani dattijo da ƙafarsa ta rabu da jikinsa, ya danne da ƙyallen wuyansa har jinin ya tsaya. Wata mata ta mutu a kafaɗunsu kafin su kai titi, suka sauke ta, suka koma ɗauko wata. A ranar Asma'u da kanta ta ce ba don usur ba da gawarwakin sun ninka.

Amma da yamma ta zo shagon, jini ya bushe a hannun rigarta. Ta gaya masa ta ga wasu masu bindiga a cikin boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, sun tsaya daga nesa, kuma ba masu rauni suke kallo ba. Yaran suke ƙirgawa.

"Yaya Dauda, ka tara su gobe ka ce usur ya mutu, halas, shi ke nan," in ji ta. "Kakin ma a ƙona. Mutanen nan hannaye suke nema."

Ya yarda a ɓoye kakin, amma usur ya ce a'a. Abin da ya ceci rayuka da safe ba za a binne shi da yamma ba. Ya ji tsoro, wannan gaskiya ne, sai dai alfaharin da ya ji a ranar ya fi tsoron nauyi. Asma'u ta tsaya ta dube shi, sannan ta fita ba sallama.

Bayan kwana tara suka zo, ana idar da la'asar. Boksi biyu, mutum bakwai. Babbansu matashi ne da bai kai ɗan Dauda na fari ba, ya shigo yana murmushi, ya kira shi ustaz, ya yaba tarbiyyar yaransa. Ya ce ɗaukar kaya kawai za su yi musu, kwana biyu su dawo. Dauda ya san yaran da aka ɗauka daga wasu unguwanni da irin wannan magana, ya kuma san ba wanda ya dawo. Ya ce ƙungiya ta watse, yara sun bar gari.

Gindin bindiga ya sauka a bakinsa kafin ya rufe shi. Ya ji haƙoransa na gaba sun zubo a kan harshe. Suka ja shi waje, suka ɗora hannunsa na dama a kan teburin keken da suka fito da shi, suka ce ya busa. Ya girgiza kai. Suka karya ɗan yatsa ɗaya, suka sake tambaya. Suka karya na biyu. Da suka kai na huɗu ya daina jin bambanci, abin da kawai yake yi shi ne danne usur ɗin da haɓa a cikin wuyan rigarsa. A ransa har ya fara jin daɗi, don ya ɗauka muddin bai busa ba yaran sun tsira.

Babban nasu ya gaji. Ya sa wuƙa ya yanke igiyar usur ɗin daga wuyan Dauda, ya goge jinin a wandonsa, ya kai usur ɗin baki. Ashe ranar bom yana cikin masu ƙirga yaran, kuma kunnensa lafiya lau. Dogo ɗaya, gajeru biyu.

Dauda ya yi ƙoƙarin ihu ya ce su koma, amma jini ne ya fito maimakon murya. Yana kwance a ƙasa, kuncinsa a kan yashi, ya ji abin da shekara goma sha ɗaya ya fi so a duniya: ƙarar silifas daga kowane lungu. Zuciyarsa ta soma ƙirge da kanta, ya kasa hana ta. Bai kai sittin ba suka fara shigowa filin, ba wanda ya tsaya leƙe. Na baya da suka hango motocin sai suka juya, aka bi su da harbi, ɗaya ya faɗi a bakin lungu bai sake motsi ba. Goma sha ɗaya aka tura cikin boksi da duka.

Salih bai kalli motocin ba ma. Malaminsa ya gani cikin jini, ya zo ya durƙusa, ya zaro ƙyallen da ya ɓoye a aljihu, ya fara naɗe hannun yadda Asma'u ta koya masa. Aka daka masa tsawa ya tashi, ya ce cikin Larabci su ba shi minti ɗaya ya ƙarasa ɗaurin. Harsashin ya shiga ta bayan wuyansa, ya kife a kan ƙirjin Dauda.

Asma'u ce ta ɗinke leɓen, ta ɗaure yatsun da guntayen kwali, ba ta ce masa ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Hannun bai sake riƙe almakashi ba. Da ya iya miƙewa, sai ya ce zai bi gidajen nan goma sha uku ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ya bi su ranar da ya je roƙo. Wasu suka rufe masa ƙofa. Wani uba ya tofa masa yawu, ya tsaya bai goge ba.

Gidan su Salih ya bari ƙarshe. Laraba, uwar yaron, mai sayar da kisra, gurasar dawa, a bakin titi, ta fito ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa. Ya buɗe baki zai nemi gafara, kalmomin suka ƙi fitowa ta gurbin haƙoran. Ita ce ta yi maganar, a hankali, idonta a kan katangar tsakar gida.

"Na ga motocin tun da suka shigo, Ustaz. Na kulle ƙofa, na sa makulli a zanina. Na ce masa kada ya fita, mu ga ko lafiya. Ya ce, Inna, Ustaz ya ce ba a tsayawa dubawa."

Ta nuna masa saman katangar, inda tubali biyu suka zame lokacin da yaron ya haura. Ta ce ba ta bari an gyara ba.