Kujeru Arba'in da Gwaggo Ta Cika Mini

Shekara talatin da ɗaya Gwaggona ta yi tana buga tafireta a makarantar sakandaren da na yi karatu, wadda daga baya na dawo ina koyarwa a cikinta. Ƙanwar mahaifina ce, gajeriya mai faɗin kafaɗa, da tabarau da take ɗaurewa da zare saboda ƙafarsa ɗaya ta karye tun ina firamare. Ofishinta ne ɗaki na ƙarshe a baranda, dab da famfo. Tebur ɗaya ne a ciki da kujera biyu, sai injin gurza takardu da ake juyawa da hannu, da kabad ɗin ƙarfe wanda ba ya buɗuwa ko rufuwa sai an sa masa gwiwa. Har yau in na shaƙi warin tawada ɗakin nan nake tunawa, kuma ba na ɓoyewa, kewarsa nake yi.

In jarrabawa ta matso, barandar nan cika take yi da malamai. Kowa riƙe da tambayoyinsa da ya rubuta da hannu, kowa na jiran layi ya zo kansa, har shugaban makaranta sai ya yi sallama ya jira a amsa masa. Gwaggo ta san rubutun kowa kamar yadda uwa ta san tarin 'ya'yanta daga wani ɗaki. Tana bugawa tana mita, tana gyara wa mutum abin da ya manta, a ƙasan kowace takarda kuma ta buga taurari uku, ta rubuta "Allah ya ba da sa'a." Ba wanda ya sa ta. Rubutun hannun kuwa ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba. Takan rubuta shekara a kusurwa, ta jefa a kwali, ta tura cikin kabad.

Wanda suka fi gwabzawa da shi malamin lissafi ne, dogo, kullum hannun rigarsa fari fat da alli. Malam Sifili muke ce masa a ɓoye, don ba ya jin nauyin zana wa mutum ƙwai a littafi, ni kaina na sha biyu. Rubutunsa kamar kaji sun yi tono.

"Malam, wannan bakwai ce ko sandar tsoho?" in ji Gwaggo.

"Hajiya, ki buga abin da kika gani."

"Abin da na gani in na buga, yaran nan duk asibiti za a kai su."

Haka suke yi kowane zango, kuma ba a taɓa samun kuskure a takardarsa ba.

Ni Barkono take ce mini, tun ina ƙarama, kuma ban taɓa iya musa sunan ba. Ni ce malamar kwamfuta a shekarar da takarda ta zo daga ma'aikata cewa daga sabon zango tambayoyi da sakamako duk ta kwamfuta za a riƙa shigarwa. Malamin da bai da takardar shaidar horo za a ɗauke shi daga aji a ba shi wani aikin, ko tsaron sito ko jera littattafai. Aka ɗora mini horar da malaman makarantarmu da na maƙwabta, Asabar shida, kuma sai wanda ya halarci huɗu zai sami takardar. Shekara huɗu suka rage wa Malam Sifili ya yi ritaya. Duk wanda ya san shi ya san in aka raba shi da allo aka zaunar da shi yana ƙirga tsintsiya a sito, an gama da shi. Shi kuwa ya faɗa a ofishin malamai, da ƙarfi don in ji, cewa ba zai zauna gaban yarinyar da ya ba sifili ta koya masa danne-danne ba.

Na ce oho. Na zauna na tsara sanarwa mai kyau, shuɗi da fari, da hoton kwamfuta tana sheƙi, na sa a shafin makaranta na Facebook da zauren malamai na WhatsApp. Kafin kwana uku mutum ɗari da sittin sun danna mini alamar babban yatsa. Kaina ya kumbura. Na aro kujeru daga ɗakin taro har suka cika arba'in, na jera su bibbiyu gaban kowace kwamfuta, na goge allo, na ci ado.

Ranar Asabar mutum uku suka zo, kuma ukun duk sun iya kwamfuta, takardar kawai suke so.

Ranar Litinin na faɗa ofishin Gwaggo ko sallamar kirki ban yi ba. Na nuna mata wayar, na ce ta duba, ɗari da sittin, munafukai kawai. Ta ɗaga tabarau ta ƙura wa wayar ido.

"Wannan ɗan yatsan me yake cewa?"

"Yana cewa sun so, sun yarda."

Ta yi dariya har da riƙe tebur. "Barkono, ke a makarantar nan kika girma kuwa? In an zagaya da sakula, takardar sanarwar nan, ofishin malamai, me kowa yake yi?"

"Ya sa hannu gefen sunansa."

"Sa hannun nan me yake nufi?"

Na san amsar. "Na gani" yake nufi, ba "zan yi" ba. Malami zai sa hannu a kan sakular da ta ce a kawo tambayoyi ranar Laraba, ya miƙa wa na kusa, ya ci gaba da shan shayinsa.

"To sun sa miki hannu," in ji Gwaggo. "Ni shekara talatin ban taɓa karɓar tambayoyi da sakula ba. Bin su nake ɗaya bayan ɗaya, in kira mutum a gaban abokansa. Sa ni a zauren naku."

Matar da wayarta ba ta san komai ba sai kira da kallon hotunan jikoki, ita ce ta sa na koya mata ɗaukar hoto da tura saƙon murya a cikin hutun rabin awa. Sannan ta sa wa kabad gwiwa, ta jawo kwalaye.

Washegari da safe hoton wata tsohuwar takarda ya shigo zaure, ta yi ja saboda daɗewa, tambayoyin tarihi ne da rubutu mai kwanciya. A ƙasa muryar Gwaggo tana cewa, "Jama'a, rubutun wa ne wannan?" Zauren da ba a jin komai a cikinsa sai gaisuwar safe da sanarwar rasuwa ya kaure. Wannan ya canka, wancan ya ƙaryata, wata ta tuna shekarar da rufin aji uku ya yaye ana tsakiyar wannan jarrabawar. Da aka gano mai shi, sai murya ta biyu ta shigo.

"Malamar Tarihi, naki ne, shekara goma sha tara ina buga miki. Ƙarshen zangon nan zan ajiye aiki, wa zai buga miki? Asabar ƙarfe tara ina jiranki a ɗakin Barkono, na riƙe miki kujera kusa da tawa."

Ina Malamar Tarihi za ta ɓuya? Ta amsa da murya, tana dariya tana cewa za ta zo. Kullum Gwaggo takan saki takarda biyar ko shida, kowace da kiran mai ita. Malamai suka shiga ɗokin a fito da tasu, waɗanda ba a kira ba har ƙorafi suke yi.

Ranar Alhamis ta ce in zaunar da ita gaban kwamfuta in ɗauke ta bidiyo. Hannun da ya saba da tafireta bai san lallaɓawa ba. Ta riƙa dukan madannai kamar tana bin su haushi, harafi ɗaya ya fito sau goma, in ta kai ƙarshen layi kuma sai hannunta na hagu ya tashi da kansa ya mari iska, yana neman ƙarfen da ake turawa a koma farkon layi. A mari na uku ta kifar da kofin ruwana. Na ce zan goge, ba zan bari a yi wa gwaggona dariya a duniya ba.

"Tura shi," in ji ta. "Kina tsammanin ƙyuya ce ta hana su zuwa? Tsoro suke ji a ga hannunsu yana rawa. Su fara yi mini dariyar, in ta ƙare a kaina sai su zo."

Asabar ta biyu mutum talatin da ɗaya suka zo. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon mutanen da suka koya mini karatu suna laluben madannai da yatsa ɗaya, harshe a waje, Gwaggo a tsakiyarsu tana marin iska ana shewa. Daɗi ya kama ni har na rasa ta inda zan fara.

Malam Sifili bai zo ba. Tun ranar hoton farko ma ya fice daga zauren. Saura Asabar huɗu, wato in ya rasa ta uku shi ke nan, ƙofa ta rufe. Na ce wa Gwaggo ta bar shi, girman kai ne, ya je ya ƙirga tsintsiyar. Ta harare ni ta saman tabarau.

"Sifilin nan biyu har yau suna miki ciwo ke nan."

Gaskiya ta faɗa.

Nasa ba a zauren malamai ta sa ba. Ta tono takardarsa ta farko, ta shekarar da ya zo makarantar yana saurayi, ta ce in sa a shafin makaranta inda tsofaffin ɗalibai suke, kada in rubuta komai sai shekarar. Ba a yi awa ɗaya ba aka gane tonon kajin. Wani injiniya ya rubuta cewa wannan hannun ne ya riƙe shi bayan an tashi, wata uku, har ya gane kasafi. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce in tana auna magani muryarsa take ji yana cewa a sake dubawa. Wani tela ya ce shi sifili bakwai ya kwasa, amma ɗansa yana aji biyu yanzu, kuma roƙonsa Allah ya sa yaron ya faɗa hannun Malam. Kafin Alhamis saƙonni sun haura ɗari biyu.

Gwaggo ta sa na buɗe saƙonnin a wayarta, ta ɗauke ta lokacin hutu, ta taka har ajinsa, ta ajiye masa a kan tebur kusa da alli. "Riƙe mini, zan je in dawo," ta ce. Ba ta koma ba sai da aka tashi.

Asabar ta uku kujeru talatin da tara suka cika. Ƙarfe tara da rabi, na riga na fidda rai, sai ga inuwarsa a ƙofa. Kowa ya waiwaya. Bai kalli kowa ba, ya nufi kujerar da Gwaggo ta ɗora wa jakarta tun safe, ya zauna, ya ɗora manyan hannayensa a gwiwa. Na matsa kusa da shi.

"To, Malama," ya ce da ni, "ina ake kunnawa?"

Bai taɓa kirana Malama ba sai ran nan. Ya halarci huɗun cif, ya karɓi takardarsa, sunansa kuma ya fito a jadawalin sabon zango, aji huɗu da aji biyar.

Sai jarrabawar ƙarshen zango ta zo, ta ƙarshe ga Gwaggo. Kamar kullum ta sa wa tafireta mai, ta ɗaura sabon kirtanin tawada, ta share baranda. Litinin ta wuce, Talata ta wuce, ba wanda ya zo. Kowa yana ɗakina yana buga nasa, ana ta murna. Ranar Laraba na leƙa na same ta zaune, hannuwa a kan cinya, tana kallon ƙofa. A lokacin na gane abin da ta yi. Da hannunta ta kwashe layin nan daga ƙofarta ta kai mini, kuma ta san haka za a yi tun ranar da ta ce in sa ta a zaure. Na ji kunya, na ji tausayinta.

Muna haka aka yi sallama. Malam Sifili ne, riƙe da takarda fara tas, ɗumin firinta bai bar ta ba.

"Hajiya, duba mini."

Ta gyara tabarau, ta bi layi-layi da yatsa, a hankali, ina ganin tana neman inda za ta kama shi. Da ta kai ƙasa yatsan ya tsaya. Taurari uku ne a jere, da "Allah ya ba da sa'a." Ta daɗe a wurin.

"Ba kuskure," ta ce. "Bakwai ɗinka ma ta zama bakwai."

Ya sa hannu a aljihu ya fiddo wata takarda a ninke, tambayoyin nan dai, da tonon kajinsa.

"Wannan kuma ta kwali ce," in ji shi.

Gwaggo ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗauki biro ta rubuta shekara a kusurwa, ta jefa a kwali, ta sa wa kabad gwiwa.