Jirgin Sani da Katifar Alhazai

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena Sani, kuma akwai abin da na yi masa wanda har yau nake cewa da ma ban yi ba. Ni na jefar masa da jirginsa.

Gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, shi ne sana'ar Sani a unguwar Hindawiyya, nan Makka. Da guntayen gorar ruwa da wayoyin da yake tsintowa a wurin aiki ya haɗa jirgin, tsawonsa ya kusa kamu biyu. Ya ce na Jarmai Dankaro ne, wani shugaban mayaƙa da ya ƙirƙira da kansa, wanda aka kora daga duniyarsu yake yawo tsakanin taurari, duk inda ya nemi sauka sai a hana shi. Har ɗakin kwanan Jarmai ya yi a ciki, da 'yar rijiya. Ni kuwa kunya nake ji a ce mutum ya doshi arba'in yana wasan yara. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa Sani ba shi da iƙama ba, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ko Jidda bai isa ya je hankali kwance ba.

Duk lokacin Hajji mukan ba alhazai hayar gidanmu na Aziziyya mu koma wajen dangi. A waccan shekarar na ga in aka ɗauke jirgin, katifa ɗaya za ta ƙara shiga ɗakin Sani. Sani na fita aiki na kai shi bola. Da muka dawo gidan ya neme shi, na ce alhazai ne suka tafi da shi. Na laƙaba wa baƙin Allah sata. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To Yaya, Allah ya sa yaransu su ji daɗinsa." Bai sake haɗa wani ba.

Yanzu shagunan Aziziyya cike suke da irin waɗannan jirage na roba, jikokina ma a waya suke tuƙa su. Na san da Sani zai gan su, juya su zai yi ya ce ba su da wurin ajiye ruwa.

A watan jiya 'yarsa Hanadi ta tambaye ni ko alhazan wace ƙasa ne, tana so ta yi cigiya a intanet. Dole na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi fushi a gabana ba. Kirana ta yi baffa da Larabci, ta ce, "Ya ammi, to a ƙarshe Jarmai ya sami wurin sauka?" Ban sani ba. Sau da yawa Sani ya fara ba ni labarin ina katse shi, yanzu kuma babu wanda zan tambaya.

Ina roƙon mai karatu, in akwai wani a gidanku da ya ƙwallafa rai a kan abin da kake gani shirme ne, kada ka taɓa masa shi, kuma ka zauna ka ji labarin har ƙarshe. Allah ya jiƙan Sani, ni kuma ya yafe mini.