Tumbin Na Allah da Bakin Rijiya

Duk wanda ya sha ruwan rijiya tsakanin Gidan Amumune da Hawandawaki a wancan zamani, da wuya in ba aikin Na Allah Danda ya sha ba. Maginin rijiya ne tun yana saurayi, siriri kamar igiyar guga, mutum biyu kan zura shi ƙasa suna hirarsu. Da damman gero ake biyan sa, ga kuma matarsa Biba, wadda hannunta a fura ba shi da na biyu a ƙauyen.

To, a nan gizo ke saƙar. Shekara na bin shekara, tumbi ya fito, wuya ya ninku, har baƙi na ce masa Alhaji alhali ko Maraɗi bai cika zuwa ba. Shi kuwa rantsuwa yake sau ɗaya yake cin abinci a yini. Gaskiyarsa, don a wajen nan ba a lissafa fura cikin abinci, ruwa ce, ko baƙo ita ake miƙa wa kafin gaisuwa. Sai dai ruwan Na Allah ƙwarya ce guda da hantsi, wata da azahar, wata da la'asar. Daga baya masu riƙe igiya suka ce su kam ba su iyawa, ya ajiye sana'a ya koma zaman gindin itacen bedi.

Sai ga shekarar fari, zamanin mulkin soja. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, samari suka watse neman abinci, rijiyar gari ɗaya tilo ta koma ba da taɓo. Mai gari ya tara mutane ya ce in ba a ƙara mata zurfi ba, tashi ya zama dole. Kowa ya waiwaya ya dubi Na Allah, don babu wanda ya rage da ya san aikin.

Aka ɗaura masa igiya. Bakin rijiyar da ya gina da hannunsa ya karɓi ƙafafu, ya karɓi cinyoyi, da aka zo kan tumbi ya ƙi. Dattawan da yunwa ta riga ta cinye suka ja shi waje da kyar. Aka yi dariya, irin wadda mutane ke yi don kada su yi kuka. Bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da farko ya ce zai bar ci gaba ɗaya, amma jiri ya kayar da shi a bakin masallaci. Iliyasu mahauci, abokin wasansa, shi ya ɗaga shi yana tsiya, ya ce wanda ba ya iya ɗaukar kansa ba zai ɗauki diga ba. A lokacin makiyaya na sayar da shanu a banza, nama ya fi hatsi araha. Motar taimako kuma takan kawo 'yar jar dawa da man girki a gwangwani, mutane na ta ƙorafin me za a yi da mai ba tuwo. Na Allah ya yi shawara da cikinsa. Ya bar wa jikokinsa rabonsa na dawa, ya koma nama da ɓargo daga wurin Iliyasu, da kwaɗon tafasa da yaɗiya da aka tsiyaya wa mai har yana ƙyalli.

Biba ta riƙe baki. Ta ce, "Maigida, mai son ramewa ka shan mai? Kitse ai kitse shi ka haihuwa."

Ya ce, "Shekara nawa ina shan hura ba mai, ga inda ta kai ni. Bari in gwada wanga."

Kwanakin farko ya ji jiki. Kai na sara, ƙamshin fura daga maƙwabta kawai kan sa shi haɗiyar yawu. Daga nan abin ya lafa. Mamakinsa shi ne yunwa ta daina damun sa, ya ci da hantsi sai magariba, kuma yana iya saran itace. Zariyar wandonsa ta fara tsawo, Biba na yanke ta tana ƙunƙuni, don mata sun fara cewa ta bar miji ya lalace. Wannan magana ta fi farin ƙona mata rai.

Kafin zafi ya kankama, wasu gidaje sun riga sun ɗaure kaya, ita ma Biba ta kife tukwanenta ta ɗaure tabarmi. Ran nan da safe Na Allah ya fito da diga ya ce a kawo igiya. Ya yi bisimilla ya zura ƙafa. Ya wuce bakin rijiyar sumul, ko riga ba ta goga ba, dattawan nan suka sauke shi ba wanda ya yi nishi.

Kwana da kwanaki ana fitar da yashi da tsakuwa, yana shiga da safe yana fitowa da la'asar. Wata rana da hantsi igiya ta girgiza, aka jawo guga, sai aka ji ta yi nauyin da ba na yashi ba. Ruwa ne, garau, yana zuba a kan ƙafafun masu ja. Guɗa ta tashi, mai gari ya zauna a ƙasa yana share hawaye da hannun riga. Da aka fito da Na Allah jiƙe har ƙirji, dariya kawai yake.

Garin bai tashi ba. Yau ma yana nan, ana kiran rijiyar da sunan Na Allah. Ranar da ruwan ya fito, Biba ta kwance tabarminta, ta roƙo ɗan gero ta dama fura da ruwan guga ta farko, ta durƙusa ta miƙa masa ta ce ga ruwa. Ya ɗebi ludayi guda ya sha, ya miƙa wa jikoki sauran.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, na ci abinci. Yanzu ba ni ruwan rijiyata in sha."