Ranar da Aka Zuba Mini Jan Rini a Jijiya

Gyambon ƙafata ya girmi wasu 'ya'yana. Shekaru ina fama da shi a bakin marinarmu ta Gaya, har ƙudajen garin Tunuga sun san ni, takanas suke tasowa su gaishe ni. Ban damu ba sai da ƙafafun suka fara kumbura kamar turmi.

Lokacin Faransawa ba su tafi ba. Wani lokotoro Bature, babban likita, ya zo rangadi daga Dosso, ya lallatsa ni ko'ina, ya yi magana da majo, wato babban ma'aikacin gidan likita na garinmu. Majon nan Bazabarme ne, ni Bagobiri, abokan wasa ke nan, saboda haka ba ma raga wa juna.

"Bawana," in ji majo, "lokotoro ya ce in ciwo ya daɗe haka, akwai wani abu a cikin jini da yakan daskare, ya je ya kwanta a ƙoda kamar kakin zuma. In ya kwanta, babu mai fid da shi. Za mu zuba maka jan rini a jijiya mu gani."

"Ni za ku rina? Marini ɗan marini? Kai da ko hular kanka ni na rina maka?"

Bai kula ni ba, ya soka allura. Na zauna gindin mangwaro har na gaji, sannan ya ɗebi jinina a 'yar kwalba ya ajiye. Gudajin ya kwanta ƙasa, ruwan ya taso sama, ja wur.

A marina, in ka tsamo zane ka tarar rinin duk yana cikin ruwa, to zanen bai kama ba, aiki ya ɓaci.

"Shi ke nan," na ce, "jiki ya mutu, ko rini ba ya kamawa. A kira mini iyalina."

Majo ya yi dariya har da dafa bango.

"Kai, Bagobiri! Abin nan mai daskarewa, ai shi ke shanye rinin. Da ruwan ya fito babu ja, ni da kaina zan kira maka su. Rinin bai sami mai shan shi ba, ƙodarka lafiya lau."

Ashe kumburin na ƙarancin jini ne. Aka wanke gyambon aka ɗaure, aka ce in riƙa zuwa kullum. Lokotoro kuma ya yanke mini hukunci: kifi da hanta, safe da yamma.

Ban ɗaukaka ƙara ba. Daga nan bakin kogi na nufa, ina ɗingishi ina taya kifin nan ragon ruwa tun daga nesa.