Zuwanmu Kano a Kan Maganin Baffa

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauye, ni da Baffa, ƙanen mahaifina, da matarsa. Bana ruwa ya cika fadama har ya shanye hanya, dole sai kwalekwale muka shiga zuwa gaɓar Haɗeja. Shinkafa ta yi kore shar hagu da dama. Baffa yana zaune a tsakiya, hannunsa na dama sai kaɗawa yake a kan gwiwa, har mai fito ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka, ruwan ba zurfi." Mutumin da ya tashi a bakin kogin nan ake faɗa wa haka!

Ba tsoro ba ne, ciwon karkarwa ne, wanda likitan Kano ya kira Fakinsin. Baffa ya ƙarar da ƙarfinsa yana awon gyaɗa a wani kamfani, ana yankar masa kuɗin inshora a kan in ciwo ya zo za a ɗauki nauyin magani. Da farko masu inshorar sun ɗauka, sabuwar ƙwayar da likitan ya rubuta ta karɓe shi har yana ɗaura tazugensa da kansa. Kwatsam suka daina biya, babu bayani. Abin da ya fito da mu ke nan.

A tashar Haɗeja muka karya da koko da ƙosai. Tun da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa komai ya yi tsada, ƙosan kwabo ko bakin yaro ba ya cikawa. Da ƙyar na roƙa wa Baffa gaban mota, mu kuwa muka hau baya tare da kwandunan bandar kifi. Rami ya ɗaga mu, rami ya sauke mu. Kafin mu isa Kano duk ƙudan hanya sun san da mu.

Ofishin inshorar a saman bene yake. A kan matakala ƙafar Baffa ta kafe, sai da muka tallafe shi mu biyu. Akawun da muka samu ya juya takardu ya ce wai sa hannun Baffa na yanzu bai yi kama da na da ba, wa ya sani ko wani ne ke karɓa da sunansa.

Na ce, "Malam, dubi hannun mana! Ai ciwon da kuke saya wa magani shi ya lalata sa hannun."

Ya ce, "Ƙa'ida ce. Ku dawo gobe ku ga manaja."

Muka kwana gidan wani ɗan garinmu a Fagge. Washegari aka ce manaja yana taro. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce. Baffa ya dube ni ya ce, "Ɗana, mu tafi gida. Allah na nan." Ni kaina na fara sarewa. Matarsa ce ta miƙe, ta je ta zauna daɓas a ƙofar manajan. Masinja ya ce ta tashi, ta ce, "Ni nake ba shi abinci a baki. Ba inda za ni."

Da manajan ya fito, dole ya tsaya. Na yi masa bayani ba tare da na rage murya ba. Ya miƙa wa Baffa biro, biron ya yi ta ƙwanƙwasa tebur har ya faɗi ƙasa. Sai ya ce a kawo tawada ya dangwala yatsa. Shi ke nan fa! Akawun nan har da cewa, "Ai da kun faɗa tun jiya."

Mun karɓi ƙwayar a kemis, amma da sharaɗi: duk sanda ta ƙare, sai Baffa ya zo Kano da ƙafarsa ya dangwala.

Sai washegari da la'asar muka sauka gida, jiki duk ya yi tsami. Abin da na ɗauko a tafiyar nan shi ne, kada a bar marar lafiya ya shiga ofis shi kaɗai. Na san Baffa. Da shi kaɗai ya je, da godiya zai yi musu, ya juyo hannu wofi.