Inna Mai Hoton Zuciya Ta Ajiye Aiki

Kafin masu shara su gama da baranda, Inna Mai Hoto ta riga ta buɗe ɗakinta. Ɗan ƙaramin ɗaki ne a ƙarshen sashen masu ciwon zuciya: gado ɗaya, labule mai kauri, sai na'urar da take leƙa ƙirjin mutane da ita ba tare da an tsaga kowa ba. Takan goge allon na'urar, ta jefa kwalbar man da ake shafa wa ƙirji cikin kofin ruwan ɗumi don kada sanyinsa ya firgita mara lafiya. Sannan ta leƙo wurin masu jira a benci ta ce, "Wa ya riga zuwa? Kada a yi min ƙarya, ni zuciya nake gani."

Haka muka san ta shekara da shekaru, tun zamanin tsohuwar na'urar nan mai taya mai ƙara. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce min idan aka turo na'urar ɗakin kwanciya, tun daga nesa marasa lafiya ke gyara zama suna cewa, "Ga Inna nan."

Ni ta dalilin ƙanwata na san ta. Bayan haihuwarta ta fari ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta, ba ta iya barci sai a jingine. A gida muka ce gajiyar haihuwa ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Da muka kai ta asibiti, likita ya tura mu ɗakin Inna.

Ta kwantar da ita a gefen hagu, ta ɗora kan na'urar a ƙirjinta tana ja a hankali. Tana cikin tsokanarta sai na ga ta ƙura wa allon ido. Ba ta ce mu koma benci ba. Da ƙafarta ta je ta taho da likitan, suka tsaya a gaban allon. Likitan ya nuna min wani abu mai motsi a cikin duhu, ya ce zuciyar ta buɗe, ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata. Ya ce a ba ta gado nan take.

Ƙanwata ta kama hannun Inna. "Inna, mutuwa zan yi?"

"Wannan na Allah ne, 'yata. Nawa in nuna wa likita inda ciwon yake, kuma na nuna. Naki shan magani. Jaririn kuma ki miƙa wa yayanki, ai ba don ado aka yi masa hannuwa ba."

Watanni muka yi muna zarya. Duk zuwa Inna ta auna, likita ya duba hoton ya gyara magani. Ranar da ƙanwata ta yi fashi, sai ga kiran Inna a wayata: "Malam, ina ka kai min 'yata?" Wata safiya ta ƙara sautin na'urar, ɗakin ya cika da bugun zuciyar ƙanwata mai ƙarfi, daidai wa daida. Ta ce, "Kin ji? Ta tashi daga barci." Ƙanwata ta rufe fuska tana kuka, ni ma na juya wai ina gyara labule. Jaririn nan yanzu ya fi uwarsa tsawo.

Ba kowane labari ne ya ƙare haka ba. Na san wani direba da mahaifinsa bai tashi ba, amma har yau idan ya hango Inna a hanya sai ya tsaya ya rage mata tafiya. Ya ce, "Ta san abin da ta gani a allon, amma ba ta yi gaggawar sallamar tsohon ba. Ta goge masa ƙirji, ta ɓalla masa maɓallan riga da hannunta."

Inna, ke ce idon likita a inda ido ba ya kaiwa. Ke ce kike fara ganin labari, mai daɗi da marar daɗi, ki riƙe shi a fuskarki ba tare da kin tsorata kowa ba. Takardar sallama ba ta ɗauke da sunanki, masu godiya kuma sau da yawa ofishin likita suke nufa. Ba mu taɓa jin kin yi ƙorafi ba.

Yanzu gashi ya yi fari, kafaɗar dama ta gaji da riƙon na'ura, kin ajiye aiki. Ranar bankwana abokan aikinki sun taru suna jiran jawabi, sai kika ce, "Ku ɗan yi haƙuri, akwai wata baiwar Allah a kan gado, ban gama da ita ba."

Mun gode, Inna. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya kiyaye taki zuciyar kamar yadda kika kula da namu. Ku kuma da kuka gaji ɗakin, an kawo muku sabuwar na'ura mai launi, ta fi tata gani nesa ba kusa ba. Ku koye ta da kyau. Amma kafin ku kalli allo, ku fara kallon fuskar wanda ke kwance, domin a tsorace ya shigo.