Kwandon da Anti Ta Turo Min

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare a Kabo, daga Gwarzo nake zuwa kullum, in hau mota da safe in dawo bayan azahar. A makarantar akwai wata malamar lissafi 'yar Kudancin Kaduna, Kirista, wadda ta girme mu duka. Anti muke ce mata, har hedimasta. Doguwa ce, mai dariya da ƙarfi, tana tuƙa babur ɗinta da kanta, kuma ba a rasa soyayyiyar gyaɗa a jakarta. Ta daɗe a garin har Hausarta ta fi ta wasunmu gishiri.

Cikina na fari ya zo da jarrabawa. Na riga na sayi komai a Kano, baho da shawul da riguna, na jera su a ɗaki ina kallo. Yaron ya zo babu rai. Kafin a sallamo ni daga asibiti Innata ta taho daga Mainika ta kwashe kayan ta rabar, don kada in dawo in gan su. Amma na ga wurin da suka tashi, kuma wannan ma ya ishe ni.

Da Allah ya sake ba ni wani cikin, sai na ƙudurta ko safa ba zan saya ba. Maigidana ya yi magana har ya gaji. Inna ta aiko a tambaye ni me na tanada, na ce a gaya mata akwai lokaci. Ciki ya tsufa, ni kuwa ko allura ban ajiye ba.

Wata rana a ofishin malamai ina makin littattafan yara, wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Anti, alhali ga ta zaune a gabana tana ɓarar gyaɗa. Na danna, sai ya kai ni wani kantin intanet, cikin kwandon da ake tara kaya kafin a biya. Ga bahon wanka, ga shawul, ga gidan sauro na jarirai, ga riguna ƙanana. Na ɗago na dube ta.

"Anti, mene ne wannan?"

"Kwando ne, ƙanwata. Ban sayi komai ba. Kayan suna can kantinsu, ba na kowa ba ne. Na dai buɗe miki ne, kina iya sawa, kina iya cirewa."

"Ni ban ce ina so ba."

"Ai ban ce kin ce ba," in ji ta, ta miƙo min gyaɗa.

Raina ya ɓaci sosai. A cikin motar komawa gida na bi kayan ɗaya bayan ɗaya na goge, har kwandon ya koma wayam. Na san za ta gani a tata wayar, kuma na shirya abin da zan faɗa mata idan ta tanka. Washegari ta gaishe ni, ta tambayi jiki da mutanen gida, ta shiga ba ni labarin yadda akuya ta cinye mata alayyafo a bayan gida. Ko sau ɗaya ba ta ambaci kwando ba.

Bayan 'yan kwanaki na leƙa, ni ma ban san dalili ba. Abu ɗaya ne a ciki, tawul fari. Na cire. Da na sake leƙawa sai na tarar da safa. Ita na bar ta, don na gaji da cirewa. Haka muka yi ta yi, tana sa abu ɗaya ta yi shiru, ni kuma wani lokaci in goge, wani lokaci in ƙyale. A makaranta kuwa hirarmu ba ta wuce jarrabawar yara da tsadar mai. Ranar awo takan karɓi ajina ba tare da na roƙa ba.

Ran nan na buɗe na ga wata hula da ban taɓa ganin mummuna irinta ba. Ruwan ɗorawa ce mai ratsin kore, da wasu kunnuwa tsaye kamar na jaki. Kafin in yi tunani na cire ta, na shiga neman wata, na zaɓi fara mai laushi na saka. Sai da na ajiye wayar na gane abin da na yi: na zaɓa wa abin da ke cikina kaya da hannuna. Na zauna a bakin gado na yi kuka mai isata, amma ba irin kukan baya ba ne.

Da safe na same ta tana kafe babur a gindin darbejiya.

"Anti, wannan hular fa? Ɗan wa za a sa wa?"

Ta kwashe da dariya har tana riƙe ciki. "Na san ba za ki iya haƙuri da ita ba! Na daɗe ina neman wadda ta fi kowacce muni."

Daga nan na saki jiki. Na sa shawul, na canza bahon da ta mayar cikin kwandon, muka yi gardama a kan filas. Abu ɗaya na roƙe ta, kada a biya sai an haihu. Ta ce, "Wannan a hannunki yake. Sai kin ce."

Da lokaci ya yi, wata rana da hantsi na haihu, mace, tana ta tsala kuka. Anti ta bar makaranta ta taho Gwarzo a kan babur, ta tarar da Inna a bakin ɗakin haihuwa suka gaisa kamar sun shekara da sanin juna. Da aka bar ta ta shigo, ta daɗe tana kallon jaririyar da ke naɗe cikin tsohon zanen Inna, ta gode wa Allah, sannan ta fito da waya.

"In danna?"

Na ce, "Danna, Anti."

Kayan sun tsaya a Kano, sai wani direba ya taho da su tashar Kabo. Ita ta je ta karɓa, ta ɗaure kwalin da baho a bayan babur ta kawo min har gida kafin suna, ta yi fari fat da ƙura. Maigidana ya so ya mayar mata da abin da ta kashe, ta ce ya je ya ji da rago. Ranar suna ita ta tsaya a kan tukunyar shinkafa tun safe, tana yi wa 'yan uwan Inna tsiya a kan gishiri, su kuma suna ramawa.